Katangar Malam Hambali

Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba. Karanta na wasu kawai na iya. In kun ga kuskure ku rufa min asiri.

Ranar kasuwar Bunkure Saliha ta fara ganin Sagiru ido da ido, kuma da ruɓaɓɓen tumatir ta gaishe shi.

A shekarar nan, duk Asabar da yamma matan unguwa kan cika gidan Hajiya Binta, a tayar da janareta, a kalli wasan 'yan sanda a talabijin. Kowa na son Kofur Mairama, tauraruwar wasan. Kwatsam sai ta faɗa son wani ɓarawo wai shi Ɗan Duhu, gari ya ɗauki zafi. Sagiru, mai gyaran injin ban ruwa, shi ke fitowa a Ɗan Duhun.

"Allah ya isa!" in ji Saliha. "Ka lalata mana Kofur!"

Mata suka ɗauki shewa, yara na binsa da "ɓarawo, ɓarawo". Shi kuwa ya share kumatunsa, ya dubi tumatirin.

"Malama, wannan ai bai gama ruɓewa ba. Kin yi asarar miya."

Dariya ta so ƙwace mata, ta danne ta da harara.

Ba a jima ba injin babanta, Malam Hambali, ya tsaya, tumatir na neman ƙonewa a gona. Da ta kai abinci bakin kanal ɗin ban ruwa, wa za ta gani tsugune cikin baƙin mai? Bai bar gonar ba sai da ruwa ya gudu a kowane layi. Ta ajiye masa kwano ta wuce. Da la'asar saƙo ya shigo wayar yayanta:

"A gaya wa mai jifa abinci ya yi daɗi. Hannunta ya iya abu biyu."

Ta amsa: "Ɓarawo, a ina ka saci lambar nan?"

"Ban sata ba, Tumatirina. Roƙa na yi."

Daga nan kuɗin katin yayanta suka shiga uku.

Amma Asabar ta zame mata azaba. Ga Sagiru yana kallon Kofur da irin idon da yake kallonta, ga ƙawayenta suna tsine masa a kunnenta. Ƙawarta Aziza ta ce, "Ke kika fara jifansa, yau ke ce mai kai masa tuwo. Kin ci amanarmu."

Da manyansa suka zo neman aure, Malam Hambali ya ce a'a.

"Na san wasa ne, ni ba yaro ba ne. Amma da idona na ga yadda yake haura katanga kamar mage. A ina ya koya?"

Saliha ta sha kuka, ta rubuta masa: "Ko ni ko Kofur."

Ba ta san yadda yake son wasan nan ba sai da ya yi jinkirin amsawa. Can saƙo ya zo: "Ke."

Ya roƙi masu shirin su kashe Ɗan Duhu. Suka kashe shi, ya mutu yana tare wa Kofur harsashi. Gidan Hajiya Binta ya kaure da kuka. Matan da suka shekara suna zaginsa suka juyo kan Saliha.

"Muguwa! Ke kika kashe mana shi! Yanzu wa zai auri Kofur?"

Har a bakin kanal aka daina amsa gaisuwarta. Shi kuwa Malam Hambali yana nan kan bakansa.

Sagiru ya sake zuwa, ya durƙusa. "Baba, wallahi benci ake ajiye min a gindin katangar, kyamara ce ba ta nunawa."

"To ga tawa, ba benci. Bisimilla."

Unguwa ta taru. Saliha na leƙe ta tagar ɗaki, ita kaɗai ce a duniya mai addu'ar saurayinta ya kasa. Ya ja da baya, ya zaburo, ya kama saman katangar. Ƙafafunsa suka yi ta karta, gumi ya jiƙa masa riga, ya sake gwadawa, sai ya dawo da baya tim cikin kwandon tumatir.

Malam Hambali ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Wannan ko kaza ba zai iya sata ba. Tashi, ɗana, na ba ka."

Bayan an kwashe tumatirin rani aka ɗaura aure. Kofur da kanta ta zo biki, ta riƙo hannun amarya ta ce wa mata, "Ku bar min ƙanwata, ni na sallama." Aziza ce ta fara rangaɗa guɗa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.

Ni kuma mai ba ku labarin nan, ina daga can bayan tabarma. Da na ga hankali ya koma kan Kofur, sai na ɗauki takalmana a hannu na bi ta ƙofar baya.