Muryar Malama Atika

Ranar Talata ce, tsakiyar Agusta. Tun asuba ake yayyafi a Tudun Wada, kwatoci sun cika sun tumbatso kan titi. Ƙarfe tara Insifeta Kailani ya isa wani ɗan shago da aka ce an fasa, inda ake buga takardu da juya kaset zuwa memori.

A bakin shagon ya tarar da wani dattijo makaho zaune kan benci, ruwa na ɗiga masa a kafaɗa.

"Baba, ko ka matsa ciki?"

"Bar ni nan, ɗana. Ni ne Malam Nagoda, daga Hanwa. Kaset ɗari biyu da sha huɗu na kawo, na matata Atika. Shekara talatin tana koya wa mata waƙoƙin wa'azi, ni ina ɗauka. Bara ta rasu. Idona ya tafi, hotonta ba ya min amfani. Muryar ce ta rage min."

"Kaset ɗin suna ina?"

"Gara ta ci kwalinsu. Na ce wa yaron shagon in ya gama juyawa ya zubar. Yau ya ce in zo in karɓi memori."

Salmanu, mai aikin juyawar, yana tsaye a ciki yana murza hannu. Ya ce ƙarfe shida ya rufe jiya, da safe ya tarar an fasa kwaɗo, an ɗauke tsohuwar kwamfutar da duk aikin yake ciki.

Insifeta ya duba. Kwaɗon a fashe yake, amma ƙofar ko ƙwarzane babu. Ga sabuwar firinta, ga ƙaramin janareto a lungu.

"Ɓarawonka mai kunya ne," in ji shi. "Ya bar sabo ya ɗauki tsoho."

"Wallahi, ranka ya daɗe, haka na gani."

Sumaiya, yayar Salmanu, ita ce mai shagon. Insifeta ya ja ta ƙarƙashin rumfar maƙwabta.

"Kin taɓa jin aikin da ya yi wa Baba?"

"Ni buga takardu na sani."

"Ko sau ɗaya bai kunna miki ba?"

"Bai kunna ba."

"To ba ni wayarki."

Ta miƙa masa. Ranar Lahadi Salmanu ya turo mata fayil guda, a ƙarƙashi ya rubuta: Yaya, saurari wannan, na shiga uku. Insifeta ya kunna ya kara a kunne. Babu magana, sai wani guɗa-guɗa kamar ana zuba ruwa a tulu, can ƙasa kuma ihun zakara.

"Ƙanina ne, yallaɓai," ta ce, idonta a ƙasa. "Shi kaɗai gare ni."

Kafin azahar Insifeta da kofur ɗinsa suna ɗakin Salmanu a Kwangila. A cikin buhun masara suka sami kwamfutar, an naɗe ta da zanin gado. Salmanu ya zauna a bakin katifa.

"Faɗa min da Hausar da zan gane," in ji Insifeta.

"Tsohon kaset yana da wannan ƙarar, shuuu. In zan cire ta ɗaya bayan ɗaya, wata uku ban gama ba. Sai na rubuta wa kwamfuta umarni ta yi da kanta. Ta ɗauki sakan uku na farkon kowane fayil a matsayin ƙara, ta share duk abin da ya yi kama da shi, ta matse fayil ɗin yadda zai shiga waya."

"Sai me?"

"Kaset ɗin da na saba juyawa, farkonsu shiru ne, ƙarar ce kawai. Amma Baba ba ya danna rikoda sai Malama ta buɗe baki da bismillah. Ya ce ba ya son abu ya fara da wofi. Duk kaset ɗin haka suke. Sai kwamfutar ta ɗauki muryarta ce ƙarar."

"Na asalin da ka fara ɗauka fa?"

"Wuri ya yi min kaɗan. Na sa a umarnin, in ta gama sabo ta goge tsoho. Na yi ta ƙoƙarin dawo da su, sababbin sun hau kansu."

"Ba ka saurara ba kafin ka zubar da kaset?"

"Na ga ta rubuta an gama, babu kuskure. Ranar Juma'a na kai su bola, Asabar aka cinna mata wuta. Sai Lahadi na kunna."

"Shi ne ka fasa kwaɗonka da hannunka."

"Na ga gara ya ce ɓarawo ne. Ɓarawo ana sa ran kama shi. Ya zan kalli makaho in ce masa ni na goge matarsa?"

Insifeta ya daɗe yana kallon saurayin, wanda bai wuce ashirin da biyar ba. A aikinsa ya kama ɓarayi da yawa, an mayar wa masu kaya kayansu. Wannan ga mai laifi, ga kwamfuta, amma babu abin mayarwa. Ya yi wa kofur alama, aka sa wa Salmanu ankwa saboda rahoton ƙarya.

A caji ofis Malam Nagoda na zaune yana jira. Da ya ji takun Insifeta ya ɗago.

"An samu?"

"An sami kwamfutar, Baba."

"Alhamdu lillahi. Kunna min ko ɗaya."

Insifeta ya yi masa bayani, dattijon ya ce duk da haka a kunna. Aka kunna. Ya karkata kai yana saurare har fayil ɗin ya ƙare, ya ce a sa na gaba. Sai a na shida ya ɗaga hannu.

"Wannan zakaran gidanmu ne," ya ce a hankali. "Tana nan kusa da shi a zaune." Ya lalubi sandarsa. "Ku kashe."

Aka wuce da Salmanu ciki. Insifeta Kailani ya jawo littafin rahoto ya rubuta abin da ya salwanta: kwaɗo ɗaya, kaset ɗari biyu da goma sha huɗu, waƙoƙin shekara talatin na marigayiya Atika Nagoda. Babu kwafi.