Mai Kwasar Ɓawon Mahar

A ƙofar bayan gidan abincin Babanta da ke unguwar Rusaifa a Makka Rumaisa ta fara ganinsa, tsugune gaban kwandon shara, yana tsince ɓawon mahar yana zubawa a buhu. Mahar wata halittar teku ce mai ɓawo biyu, masu cinta sun fi son ta ɗanya da lemon tsami.

"Malam, lafiya? Shara ce fa."

Jin Hausa ya sa ya ɗago da murmushi. "Ba shara ba ce, Hajiya. Gida zan mayar da su. Sunana Maharazu, ni ke kawo muku ita duk Talata daga gonar ruwa ta wajen garin Lis, a bakin teku."

Ya ce in ɓawon ya sha rana ya bushe, sai su zuba shi a teku, ƙananan mahar su manne a jiki su girma. Ba a ba su abinci, su ne ma ke tace ruwan. Wutar gonar ta hasken rana ce. Hayaƙin motar da yake zuwa Makka da ita kuwa, itacen shura mai tsiro a ruwan gishiri suke dasawa a bakin ruwa don ya shanye shi.

Ta ce, "To." Ta koma ciki.

Wata takwas ke nan da rasuwar Ummanta. Tun daga lokacin Rumaisa ke tashi, ta yi salla, ta zo aiki, ta koma gida, ba ta jin daɗi, ba ta jin ciwo. Duk da haka, ranar Talatar da ta biyo baya Maharazu ya tarar an ware masa ɓawon a bokiti, a wanke.

Lambarsa tana cikin wayar wurin, don oda. A hankali saƙonnin suka daina zama na oda.

"Yau na dasa shura goma sha biyu. Ɗaya na sa mata sunanki, ita ce mafi shiru."

"Ba ni da abin cewa ne, Maharazu."

"Ba komai, Rumsa. Ni ina da shi, ki dai riƙa karantawa."

Da Maharazu ya aiko manya daga cikin 'yan garinsu neman aurenta, Babanta Alhaji Abdullateef ya karɓe su da gahawa, ya sallame su da haƙuri. Bayan sun tafi ya kira 'yarsa.

"Ya binti, ɗan Maraɗi ne, da iƙama, takardar zaman baƙo, yake zaune. Gonar nan gwaji ce. Ranar da ta rufe, jirgi zai hau. Ga Talal ɗan ɗan'uwana, aikinsa a otal gefen Harami. Me ya rage masa?"

"Babu, Baba."

"To?"

Ta zuba wa kafet ido, har ya gaji ya ce ta tashi.

Sai bazara ta kama. Talata ta zo, Maharazu bai zo ba. Wata Talatar ma haka. Ta rubuta masa, "Lafiya?" An karanta, ba amsa. Talal ya biyo da yamma, ya ce ya ji labari gonar ta mutu, ma'aikatan kowa ya kama gabansa.

"Halas, shi ke nan, Rumaisa. Irinsu ba sa sallama."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ninke tawul. Bokitai uku na ɓawo suna jere a bayan ƙofa, ta hana a zubar.

Rana ta goma sha shida saƙo ya shigo.

"Ruwa ya yi zafi, kashi biyu cikin uku sun mutu. Babanki ya yi gaskiya. Na rasa da wace fuska zan rubuto miki. Ki yafe ni, ya ruhi."

Ta miƙa wa Babanta wayar. "Ka kai ni in gani da idona. In ka ce a'a bayan nan, na bi."

Washegari suka ɗauki hanyar Lis. Wari ne ya fara tarbar su. Maharazu na tsaye cikin ruwa har ƙugu, shi kaɗai, yana buɗe kwanduna, ya ƙwanƙwasa kowace mahar, wadda ta mutu ya jefa gefe. Ya rame, tafin hannunsa duk yanka. Ya fito ya durƙusa ya gaida Alhaji, bai iya kallon Rumaisa ba.

Alhaji ya daɗe yana duban tulin matattun. "Ka bar wannan. Zo ka yi aiki wurina, in mayar da iƙamarka ƙarƙashina. Sai mu yi maganar yarinyar."

Maharazu ya share fuska. "Na gode, Baba. Amma sauran suna da rai. Kullum da asuba sai an saukar da su can ƙasa inda ruwa ke da sanyi. In na tafi yau, jibi babu ko ɗaya. Ka ba ni zuwa sanyi ya shigo."

"In sun mutu duka fa?"

"Sai su mutu ina wurin."

Shi ma Alhaji wata huɗu ya yi a kujerar asibiti gefen matarsa. A mota, sun kusa Makka, ya ce, "Gobe zan shigar da takardar neman izinin auren wurin hukuma, tunda shi baƙo ne."

Izinin ya ɗauki wata bakwai. Mahar ɗin da ta rage ta kai sanyi, gonar ba ta rufe ba. Talal ya yi fushi, amma ranar ɗaurin aure a unguwar Zahir shi ya riƙa zuba wa baƙi shayi.

Da aka kai amarya, Maharazu ya zauna nesa kaɗan da ita.

"Amaryata, kin yi shiru."

"Ban sani ba ko farin ciki nake ji," ta ce a hankali. "Na dai san ba na son ka tashi daga nan."

"Ya ishe ni, Rumsa. Sauran zai zo da lokacinsa."

Gwaggo Iyatu, ƙanwar Ummanta, ta leƙo tana gyara mayafi za ta tafi. Ta ɗora hannun Rumaisa a kan nasa mai tabon yanka.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya jiƙan wadda ba ta ga yau ba. Ka riƙe mana ita, ɗana."

"Na riƙe, Gwaggo."

Rumaisa ta ce amin, ba ta janye hannunta ba.