Bayan Wa Zan Tsaya?

"Wakilai su tashi! Kowa ya tsaya a bayan wanda yake so!"

Muryar mai sanarwa ta cika zauren taron, ni kuwa na miƙe na tsaya a tsakiya...

A jam'iyyarmu ba a jefa ƙuri'a a akwati. Layi ake yi a bayan ɗan takara, ido na ganin ido, a ƙirga kawuna. Yau kujerar shugaban jam'iyya na jiha ake nema, masu nemanta kuma biyu ne.

Ga Baba, mahaifina, a dama, wanda ke kan kujerar tun ina 'yar firamare.

Ga Dogo a hagu, yaron gidan Baba a siyasa, mai riƙe masa jaka a da, mai riƙe da zuciyata yanzu.

Ni ce shugabar mata. Inda na sa ƙafa nan matan za su bi, kuma kowa ya san layin da mata suka shiga shi ne zai rinjaya.

Fankoki na juyawa a hankali, hasken rana ya sauko ta tagogin sama ya kwanta a kafaɗar Dogo. Sai hayaniyar ta yi mini nisa. Na gan mu ranar da muke liƙa fostocin Baba, ruwa ya tsare mu a ƙarƙashin rumfar ofis, hannayenmu duk gam.

"Tauraruwata, in na zama gwamna me zan yi miki?"

"Ka fara sayen lema tukuna, ranka ya daɗe!"

Dariyar da ya yi ranar har yau ina jinta a ƙirjina.

Sakataren jam'iyya ne ya ɓata mana komai. Mutum ne mai baki kamar zuma, ciki kuwa sai Allah. Shi ya zuga Dogo ya fito takara, shi ya zagaya ya tsuguna gaban Baba ya ce, "Shugaba, ba 'yarka yake so ba, matan da ke bayanta yake so."

Da safen nan Baba ya tsayar da ni a ƙofar gida.

"Mamana, ba zan ce ki bi ni ba. Amma wanda ya so ki don layi, ranar da layi ya watse shi ma zai watse."

Ina son Dogo, son da ban san iyakarsa ba... amma ina so in sani. Wallahi ina so in sani!

"Anti, ina muka nufa?" wata daga cikin matan ta raɗa mini.

Na ɗago na kalli Dogo. Ya yi mini murmushin nan nasa, bai kira ni da ido ba, bai roƙa ba.

Na juya dama.

Takun matan ya biyo ni kamar saukar ruwan sama. Na tsaya a bayan Baba, hawaye na zuba, ina kallon zaren da ya warware a wuyan rigarsa don kada in waiwaya.

Aka ƙirga. Baba ya ci.

Zauren ya kaure da shewa. Layin Dogo ya watse nan take, Sakatare ne ma ya fara rugowa yana wa Baba kirari. Na rufe idona na ce shi ke nan, na kashe wa Dogo burinsa da ƙafata, wa zai waiwayi wadda ta kayar da shi a bainar jama'a?

Sai na ji zauren ya yi tsit.

Dogo ne ke tahowa shi kaɗai, yana ratsa kujerun roba da aka ture. Ya iso gaban Baba ya durƙusa.

"Allah ya taya riƙo, Baba."

Baba ya dube shi.

"Kujera ta kuɓuce maka, yaro. Me kuma ka zo nema?"

"Abin da nake nema tun kafin kujerar, Baba..."

Idonsa na kaina.

Baba ya juya ya kalli Sakatare har sai da mutumin ya sunkuyar da kai. Sannan ya miƙa hannu ya ɗago Dogo da kansa.

"Mamana," ya ce, "share hawayenki. Wannan layin na neman aurenki, ni zan fara tsayawa a bayansa."