Wuƙa Mai Haƙora Huɗu

Ranar da Naoto ya fara shiga ƙaramar masana'antar Hamaguchi a garin Higashi-Osaka da jakar tallarsa, bai ga injuna ba, bai ga maigidan ba. Chizuru ya gani, 'yar maigidan, tsaye gaban injin sassaƙa ƙarfe da baƙin mai a kumatu.

"Wuƙar inji nake so, ta alminiyom," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Mai haƙora biyu."

Kowa a sana'ar ya san dalili. Alminiyom laushi gare shi, in ka sa masa mai haƙora huɗu sai ɓarɓashi ya cushe ya liƙe. Naoto kuwa shekara shida yana sayar da wuƙaƙen nan. Amma washegari mai huɗu ya kawo, domin in ya kawo daidai ba shi da hujjar dawowa sai wani watan.

"Kai, ba ka iya ƙirge ba ne?"

"Tuba nake. Gobe zan canzo."

Sau goma sha ɗaya bawan Allah yana tuba. A na biyar ta ba shi shayi, a na bakwai ta ba shi lambar waya.

"Sarkin kuskure, gajera na ce ka kawo doguwa. Ka ci abinci kuwa?" ta rubuto.

"Ban ci ba, Tauraruwata. Dariyar da kika yi mini ɗazu ta ƙosar da ni."

Da maganar aure ta kai kunnen tsoho Hamaguchi, sai ya ajiye kwanon shinkafarsa.

"Wannan? Wanda bai san biyu da huɗu ba? In ɗan tallan wuƙa take so, ga Genta nan, tun da yake kawo mana kaya bai taɓa kuskure ba."

Hankalin Naoto ya tashi. Ramin da ya gina da hannunsa, shi ya faɗa. Ya je ya gaya wa Chizuru gaskiya, cewa da gangan yake kuskuren.

"Tun a na uku na gane," ta ce. "Ba ka taɓa kawo wadda za ta ɓata mini aiki ba, kullum wadda zan gane da ido. Amma Baba fa sai ka nuna masa."

Ta matsa wa tsohon har ya yarda da gwaji. Ya jera guntayen ƙarfe uku a tebur, babu rubutu a jikinsu, ya ce Naoto da Genta kowa ya zaɓa musu wuƙa. Genta ya ciro littafin kamfani yana ta buɗe shafuka. Naoto ya ɗaga kowanne ya ji nauyi, ya karce shi, ya ajiye wuƙa a gefensa. Duk daidai.

Sai ya karkata kunne wajen injin da ke aiki a lungu.

"Baba, wuƙar wancan injin ta fito da yawa, shi ya sa take kuka. A ɗan tura ta ciki."

Aka tura. Kukan da ya hana tsohon sakat kwana uku ya ɗauke ɗif.

Hamaguchi ya dube shi sama da ƙasa. "Wato da gangan kake yi?"

"Da gangan, Baba."

"Wato ni ne jakin?"

Genta ya sulale ya fice. Tsohon ya cire safar hannu ya jefi Naoto da ita, sannan dariya ta ƙwace masa.

"Ɗauki 'yar tawa, ɗan banza. Gara maƙaryaci mai kunne da mai gaskiya da littafi."

Da bazara aka yi bikin. Hamaguchi ya miƙe zai yi jawabi, ya ce, "Ku zauna lafiya, ku haifa mini jikoki," sai ga hawaye. Ya goge ido, ya rantse ƙurar ƙarfe ce, alhali kwana biyu ke nan bai taka masana'anta ba.

Allah ya bar su tare, ya sanya albarka.