Kuɓewa a Kan Farantin Sola

A wani ƙauye kusa da Gashuwa, a bakin fadama, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ba ta da ƙyuya, amma akwai ta da son gajeriyar hanya. Kowane aiki aka ba ta, sai ta nemi dabarar da za ta gama da wuri ta tafi wasa.

Ƙauyensu babu wutar lantarki. Babanta, Malam Dunoma, ya sayo farantin sola a kasuwar Nguru, ya kafa shi a kan rufin zaure. Ya haɗa shi da wani baƙin batir mai nauyi. Da shi suke kunna ƙwan fitila da rediyo, da shi kuma suke cajin wayar gidan.

"'Yata," in ji Baba, "farantin nan hasken rana yake sha, ya tura wa batir. Batir kuma kamar randa yake. Abin da aka zuba masa da rana, shi ake ɗiba da dare. Ki riƙa goge gilashin kullum. Ko ganye kada ki bari a kansa."

"To, Baba," ta ce.

Wata rana Baba ya tafi Nguru kai busasshen kifi. Inna ta yanka kuɓewa ƙwarya guda, ta miƙa wa yarinyar.

"Ki shanya a tabarma, ki zauna ki yi gadi. Kin san halin awakin nan."

Yarinyar ta ɓata rai. Ga ƙawayenta can suna 'yar gala-gala, ita kuma a ce ta zauna tana korar awaki? Sai ta ɗaga kai ta hango farantin sola. Ga shi a shimfiɗe, ga zafi, kuma akuya ba ta hawa tsani.

Ta hau ta baza kuɓewar a kan gilashin, ta rufe shi ruf. Da yamma ta kwashe. Inna har ta yaba mata. Ganin dabarar ta ci, sai ta maimaita washegari, da ranar da ta biyo baya. Fitila ta fara yin ja-ja, rediyo ya fara shaƙewa, amma ba ta ce komai ba.

A gidan akwai Kaka, mahaifiyar Baba. Ta tsufa ƙwarai, idonta ma ya yi rauni. Ƙaramin ɗanta, Baffa Madu, yana aiki can Fatakwal, kuma a shekarar zai tafi aikin Hajji. Bai sami zuwa gida ba. Ya aiko cewa ranar Juma'a da la'asar zai bugo waya daga sansanin alhazai, ya nemi gafarar mahaifiyarsa kafin jirgi ya tashi.

Ranar Juma'a Kaka ta yi wanka tun da hantsi. Ta ɗaura sabon zane, ta shafa turare, kamar mai jiran baƙo.

"Kaka, ai ba ganin ki zai yi ba," yarinyar ta tsokane ta.

"Takwara, rufa mini baki. Ɗana ne, ko a waya sai ya ji ƙamshina."

Inna ta ɗauko waya, ta ga ta mutu. Ta jona ta a batir, shiru. Ta cire ta sake jonawa, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

"Ikon Allah! Rana kamar ta fasa kai, amma batir babu komai?"

La'asar ta yi, ta wuce. Kaka tana zaune a gindin darbejiya, inda waya ta fi kamawa, hannunta a buɗe a kan cinya. Da aka kira magariba, sai ta goge ido da bakin mayafi.

"Madu zai tafi ban ce masa na yafe ba," ta ce a hankali. "Wa ya san ko zai dawo ya tarar da ni?"

Maganar ta soki yarinyar a zuciya. Da ma ta zauna ta kori awakin! Tuwon ranar ko loma ɗaya ba ta iya haɗiyewa ba.

Da safe Baba ya dawo. Tun kafin ya ajiye jaka, ta durƙusa a gabansa tana kuka.

"Baba, ni ce. Ni na shanya kuɓewa a kan farantin."

Baba ya hau tsani ya duba. Gilashin duk yauƙi ya bushe a kai, ga 'ya'yan kuɓewa a manne.

"Ban gaya miki ko ganye kada ki bari ba?"

"Ka gaya mini."

"Kin toshe bakin randa, sannan muna ta ɗiba. Ni ba ni kika yi wa laifi ba. Je ki wurin Kakarki."

Ta je ta faɗa wa Kaka komai. Kaka ta lalubo kan yarinyar ta shafa.

"Ni da nake jiran in yafe wa na nesa, ai ba zan hana na kusa ba. Tashi ki gyara ɓarnarki."

Yarinyar ta ɗebi ruwa da tsumma mai laushi, ta wanke gilashin tas. Ranar ba ta leƙa wurin wasa ba. Ta zauna kusa da batir tana addu'a. Bayan azahar Baba ya jona waya, ta kawo haske. Kaka ta koma gindin darbejiya, yarinyar na riƙe da wayar a gefenta.

Can sai ga ƙara. Baffa Madu ne!

"Inna," ya ce da Kaka, "tun jiya nake neman ku! Jirginmu bai zo ba, har yanzu muna sansani."

"Alhamdu lillahi da bai zo ba!" in ji Kaka, tana dariya tana hawaye. "Na yafe maka, Madu, duniya da lahira. Ka yi wa takwarata addu'a, Allah ya raba ta da gaggawa."

Tun daga ranar, yarinyar ba ta ƙara bin gajeriyar hanya a aikin da aka ba ta amana ba. Ta gane cewa ƙaramin sakaci yana iya jawo wa wani babban baƙin ciki, kuma ba kullum jirgi yake jinkiri ba. Kuɓewa kuwa a tabarma take shanya ta, da sandar korar awaki a hannu.