Shirun Najeeba a Gaban Baffa

Tun da Najeeba ta fito daga zauren Baffa Bamanga ta shige kicin take ta juya miyar da ta riga ta nuna. Mahaifiyarta, Inna, tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

In dai gaskiya za a faɗa, Najeeba ce ta jawo wa kanta. Samari biyu ta riƙe kamar mai zaɓen atamfa a kasuwa, ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga waccan. Khalifa ma'aikacin gwamnati ne, ɗan manyan mutane, ga mota ga barkwanci. In ya zo zance duk layinsu na Kagarawal sai an san ya zo. Zaharadeen kuwa malamin firamare ne a Nasarawo, ɗan acaɓa ke sauke shi, maganarsa ba yawa, amma abin da ta faɗa masa bara ma yana riƙe da shi. Ƙanwarta Batul ta sha ce mata, "Adda, wallahi ba ki siriyos." Ita ko sai ta yi dariya ta ce ai da sauran lokaci.

To, lokaci ya ƙare da safiyar nan. Baffa, ƙanin marigayi mahaifinta kuma waliyyinta, ya kira ta ya shaida mata iyayen Khalifa za su kawo goro bayan la'asar, in tana da magana ta yi yanzu. Ina ita ina ambaton sunan namiji a gaban Baffanta, 'yar Fulani guda? Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ya jira, ya ji shiru, ya yi murmushi ya sa mata albarka, don shi a wurinsa yarinya ta yarda ke nan. A cikin shirun nan ne kuwa ta gane Zaharadeen take so, so mai tsanani har ƙirjinta na zafi.

Kowa a gidan ya san in aka karɓi goro aka yi fatiha, Baffa ba ya janye magana ko me za a yi.

Batul ta kira Zaharadeen a waya ko zai yi wani abu. Ya ce ba zai zama sanadin kunyatar da dattijo ba, in Baffa ya ba da ita, Allah Ya sa albarka. Wannan amsa ce ta sa Najeeba kukan da take ta dannewa.

Saura Inna. Amma Najeeba 'yar fari ce, kuma Inna irin matan nan ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Tun haihuwa ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "ke" ko "waccan". Ba ta yabonta, ba ta shigar mata faɗa, balle ta sa baki a maganar aurenta. Duk da haka Najeeba ta je ta durƙusa a gabanta, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Inna, ban taɓa roƙonki komai ba. Sau ɗayan nan kawai."

Inna ta kau da kai ta ce ta je ta sami goggonta, ita ba huruminta ba ne. Goggo kuwa tana Dukku, wayarta ba ta shiga.

Aka yi kiran la'asar. Aka share zaure aka baza tabarmi. Najeeba ta ji tsayuwar motoci a ƙofar gida. Sai ta ga Inna ta ajiye faifai, ta yafa mayafi, ta nufi ƙofar zaure ta ciki, inda Baffa ke gyara hula zai fita tarbar baƙi.

"Bamanga," in ji Inna, "kada ka karɓi goron nan. Najeeba ba ta yarda ba. Kunya ce ta rufe mata baki."

Baffa ya yi sororo. Bai taɓa jin sunan Najeeba a bakin matar wansa ba, nan take ya gane maganar ta wuce wasa. Fuskarsa ta yi murtuk. Ya sa aka kira Najeeba, ya ce ba zai fita ya sallami manyan mutane kan maganar wani ba, sai ya ji da bakinta. A waje ana ta sallama.

Idonta a ƙasa ta ce, "Zaharadeen nake so, Baffa."

Ya fita shi kaɗai ya ba baƙi haƙuri, ya ɗauki kunyar duka a kansa, suna jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa har motoci suka tashi.

Fushin Baffa ya daɗe. Damina guda Zaharadeen yana zuwa gaishe shi ana amsa masa a daƙile, bai fasa ba, bai kuma nemi ganin Najeeba ta bayan fage ba. Da kaka ta yi, Baffa da kansa ya ce wa Zaharadeen ya turo magabatansa. Haƙuri ya yi masa rana.

Kunya abin so ce ga 'ya mace, amma shiru a inda ya kamata a yi magana cuta ce, riƙe zukata biyu kuma zalunci ne. Najeeba ta samu wanda take so, sai dai har yau ba ta manta abin da Khalifa ya ce mata ranar da ta kira shi neman gafara. Babu barkwanci a muryarsa ko kaɗan.

"Na yafe miki. Amma da kin faɗa min tun farko, da ban sa mahaifina ya sa babbar riga ya zo ƙofar gidanku an mayar da shi ba."