Ki Riƙe Mini Kujera

A bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi Muhibbat ta fara ganin Habibullah, rungume da fastocin takarar shugabancin ƙungiyar ɗaliban Tarauni.

"Malama, ƙuri'arki nake nema."

"Fara neman ajinku tukuna. Kwas ɗinmu ɗaya, ban taɓa ganinka a lakca ba."

Ya yi dariya, ya bi ta har cikin adaidaita. Ya ci zaɓe, ya kuma ci zuciyarta, ita ke kwafa masa darasi yana can wajen taro.

A shekarar ƙarshe, jarrabawa ta faɗo ranar sadakar ukun mahaifiyar uban ƙungiya, can Rano. 'Yan ƙungiya suka ce shugaba ba ya aike a ta'aziyya. Habibullah ya turo mata saƙo:

"Hasken idona, kafin azahar mun dawo. Ki riƙe mini kujera."

Ta ɗora jakarta a kujerar, har mai tsaron jarrabawa ya sa ta ɗauke, bai iso ba. Ita ta gama da sakamako mai kyau, shi aka ce ya maimaita shekara.

Mahaifinta, Malam Inuwa, bai ɗaga murya ba.

"Yaron da ya bar karatunsa don gaisuwa, me zai hana ya bar iyali? Ga Ɗahiru ɗan aminina, da aikinsa."

"Baba, a ba ni shekara ɗaya. In bai kawo takarda ba, ni zan sallame shi."

Shekarar ta yi ɗaci. Ƙawaye suka yi aure suna yi mata habaici. Ƙungiya ta zaɓi sabon shugaba, wayar Habibullah ta daina ƙara. Kullum bayan la'asar tana zaunar da shi a zaure da tsofaffin tambayoyi.

"Kin tsane ni ko, Muhibba?"

"Ina sonka, shi ne abin haushin. Juya shafi. Ba za a ce na yi zaɓen tumun dare ba."

Ranar da ya kawo takardar, Malam Inuwa ya karanta sau biyu, ya sa rana.

Wajen walima sai ga 'yan ƙungiya mota guda, sabon shugaba ya karɓi lasifika yana cewa su suka raini ango. Muhibbat ta dubi mijinta ta ƙasan mayafi. Ya sunkuyar da kai, bai tashi ya tarbe su ba.

"Yanzu ka gama digiri," ta ce a hankali.

Malam Inuwa ya ɗaga hannu. "Allah Ya yi muku albarka, Ya biya ki haƙurinki."